Kokawa, Judo da Takwando: Abin da Suke Yi wa Jiki da Zuciyar Ɗan Zango



Akwai tambayar da iyaye a Nima da Maamobi ke yawan kawowa gaban malamai: yaro ya nace yana son shiga ajin kareti ko takwando, ko yana son a bar shi ya riƙa zuwa Bukom koyon dambe, shin a ƙyale shi ko a hana? Yawancin iyaye sun riga sun yanke hukunci kafin su yi tambayar. Suna cewa faɗan da yaron ke yi a layi ma ya ishe su, ina kuma ga an koya masa inda zai buga.

Wannan tsoro yana da tushe. Ba mu manta da watan Janairun 2022 ba, lokacin da ƙungiyoyin samari biyu suka gwabza da adduna da bindiga a kan titi tsakanin Nima da Maamobi da rana tsaka, bidiyon ya zaga ƙasa, aka sake shafa wa zango baƙin fenti. Mun kuma san inda ƙarfin wasu samarinmu ke ƙarewa: a ɗauke su gadin filin da ake rikici a kansa, ko a jera su bayan ɗan siyasa ranar zaɓe. Abin ya kai ga majalisar dokokin Gana ta yi doka a 2019 ta haramta ƙungiyoyin 'yan banga na jam'iyyu da masu gadin filaye, bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a farkon shekarar. Uban da ya ga duk wannan, in ya ji kalmar faɗa dole gabansa ya faɗi.

Amma wasannin kare kai suna da amfani ga jiki wanda likitoci ba sa jayayya a kansa. Amfaninsu ga hali da kwanciyar hankali shi ma gaskiya ne, sai dai yana da sharaɗi, sharaɗin kuwa shi ne wanda ke koyarwa da yadda yake koyarwa. A kan wannan za mu tsaya.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kakanninmu da suka zo da goro da shanu suka kafa Zongo Lane da Sabon Zongo, da waɗanda suka zauna tare da Malam Amadu Futa a Nima a farkon shekarun 1930, da yawansu sun fito ne daga ƙasashen da in an gama girbi ake share dandali a yi kokawa da dambe. Dambe sana'ar mahauta ce tun asali, a naɗe hannu ɗaya da zare, ɗayan a riƙa kare kai da shi. Sunan Shago har yau yana bakin mutane saboda waƙoƙin da Ɗan Anace ya yi masa. A Nijar kuwa kokawa ce uwar wasanni. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, jihohi suna karɓar baƙunci bi da bi.

Maƙwabtanmu Ga na bakin teku su ma suna da nasu. Daga Bukom da kewayenta aka samu D.K. Poison, ɗan Gana na farko da ya ci kambun duniya a damben zamani a 1975, sai Azumah Nelson a 1984, sai Ike Quartey a 1994. Lambobin Olamfik huɗu cikin biyar da Gana ta taɓa samu daga dambe suka fito, tun daga azurfar Clement Quartey a Rum a 1960 har zuwa tagullar Samuel Takyi a Tokyo a 2021. A takwando kuwa, Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar ya ci azurfa a Rio a 2016, shekara ta zagayo ya zama zakaran duniya a Koriya ta Kudu.

Judo wani malamin makaranta ne ɗan Japan mai suna Jigoro Kano ya tsara shi a Tokyo a 1882. Sunan nasa ba shi da alaƙa da Kanon Dabo, dace ne kawai. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki tsoffin dabarun faɗa ya cire waɗanda ke kisa ko nakasawa, ya bar abin da ɗalibi zai iya yi da dukan ƙarfinsa ba tare da ya ji wa abokinsa ciwo ba. Da niyyar tarbiyya ya gina shi, shi ya sa ya shiga makarantun ƙasarsu.

Abin da jiki ke samu

Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarwarinta na 2020 ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kowace rana. Baligi kuwa minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Hukumar ta kuma gano cewa kusan huɗu cikin biyar na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa kai wannan ma'auni.

Mu duba rayuwar ɗan zango ta yau. Da safe makarantar boko, da yamma ko ƙarshen mako makarantar allo, da dare waya a hannu. Wanda ya gama karatu bai samu aiki ba, yana bes tun hantsi ana dafa ataya, kofi na farko da na biyu da na uku, kowanne da sukarin da cokali zai iya tsayawa a ciki. Wanda ya samu aikin ma, tela ne ko direban trotro ko mai shago, zaune yake har magariba. Abincinmu kuma, waakye da tuwo zafi da koko da ƙosai, abincin masu aikin ƙarfi ne, mu kuwa mun rage aikin ƙarfin ba mu rage kwanon ba. Binciken da aka tattara a Gana ya nuna sama da baligi ɗaya cikin huɗu yana da hawan jini, kuma da yawa ba su san suna da shi ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Duk wanda ke zuwa gaida marasa lafiya a asibitin Maamobi ko Korle Bu ya san ba tsofaffi kaɗai abin ke kayarwa ba yanzu.

Darasin sa'a ɗaya na judo ko takwando yana haɗa abubuwan da in a wani wasa ne sai an bi su ɗaya-ɗaya. Ana farawa da ɗumama jiki, sai maimaita dabaru, sai gwaji da abokin horo na minti biyu ko uku a huta a sake. Wannan hawa da sauka shi ne ke horar da zuciya. Tsokar zuciya tana ƙara ƙarfi har ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, saboda haka bugunta a lokacin hutu yana raguwa, jijiyoyin jini kuma suna ƙara laushi, awon jini ya sauka. Tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini ta ƙone shi, kuma tana ci gaba da karɓarsa cikin sauƙi har kwana ɗaya ko biyu bayan horo. Wannan ne dalilin da likitan ciwon suga ke cewa kada a jera kwanaki ba a motsa ba.

Ƙashi shi ma yana amsawa. Yana ƙara kauri ne idan ana ɗora masa nauyi, kuma yawancin jarin ƙashin da mutum zai ci har tsufa yana tara shi ne kafin ya kai shekara 30. Tsalle, ja, turawa da ɗaga abokin kokawa duk ajiya ce ga ranar da gwiwa da ƙugu za su fara ƙorafi.

Sai wani darasi da ba a cika ambatonsa ba, alhali a ganinmu ya fi duk wani naushi amfani: koyon faɗuwa. Sabon ɗalibin judo yakan shafe makonni ba a koya masa kayar da kowa ba, shi ake koya wa yadda zai faɗi. Ya manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, kada ya miƙa hannu ya tokare, ya mirgina ya raba nauyin a faɗin jiki, ya fitar da numfashi. Ana maimaitawa har jiki ya riƙe ba sai an yi tunani ba. Wanda ya san lungunanmu lokacin damina, da gwatocin da ba murfi, da yadda okada ke kutsawa ranar Laraba a kasuwar Nima, ya san cewa mutum zai iya ƙare rayuwarsa bai yi faɗa da kowa ba, amma faɗuwa kam sai ya yi. Karayar wuyan hannu da buguwar kai sau da yawa daga rashin sanin wannan suke.

Akwai kuma wata fa'ida da ta dace da halin da muke ciki. Ƙwallo tana son fili, fili kuwa shi ne abin da Nima ba ta da shi. Duk yaro yana mafarkin zama Mohammed Kudus, amma filin Kawukudi ba zai ɗauki kowa ba, kuma a ƙwallo yaron da ba shi da gudu benci ne rabonsa. Ajin makaranta ɗaya da aka ture bencina gefe aka shimfiɗa katifa zai ɗauki yara ashirin, mai ƙiba da siriri, kowa da sa'ansa a nauyi, kowa yana motsi daga farko har ƙarshe.

Fushi, tsoro da linzami

Idan mutum ya fusata ko ya tsorata, jiki yana sakin sinadaran da ke sa zuciya gudu, numfashi ya gajarce, ido ya rufe ga komai sai abin da ke gabansa. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna abu ya ce dakata, shi ne ke taka burki. Masana sun nuna wannan sashe ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Ke nan saurayi ɗan 17 injinsa ya cika ƙarfi, burkinsa bai gama haɗuwa ba. Wa'azi yana gaya masa ya haɗiye fushi, kuma gaskiya ne, amma haɗiye fushi abu ne da ake koya da maimaitawa kamar yadda ake koyon hadda.

A kan katifa ana ba shi wannan maimaitawar. An kayar da shi a gaban mutane, zuciyarsa ta taso, amma doka ta ce ya tashi ya gyara ɗamara ya sake kamawa. Ya riƙe abokinsa riƙon da zai iya karya hannu, abokin ya buga ƙasa sau biyu alamar ya sallama, dole ya saki nan take ko da ransa bai so ba. Malami ya ce tsaya, ƙafar da ta riga ta tashi dole ta sauka. Sau ɗari a wata yana shiga zafi yana fita da hankalinsa. Ma'anar hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ke nan, inda Manzon Allah (SAW) ya mayar da ma'aunin jarumta daga kayar da mutane zuwa mallakar kai a lokacin fushi. Abin lura, da misalin kokawa ya yi bayanin, don sahabbai sun san ta. Samura bin Jundub da Rafi'u bin Khadij suna yara sun yi kokawa a gabansa kafin fita Uhudu.

Masu bincike sun gwada wannan magana. A Amurka, Kimberley Lakes da William Hoyt sun buga sakamakon wani gwaji a 2004 da suka yi da yaran firamare 207. Aka raba azuzuwa ta hanyar ƙuri'a, wasu suka ci gaba da darasin motsa jiki da aka saba, wasu aka ba su takwando na gargajiya na wata uku. A kowane darasi ana sa yaro ya tambayi kansa inda yake, abin da yake yi, da abin da ya kamata ya yi, sannan ya gyara. Yaran takwando suka fi sauran kame kai, natsuwa a aji da kyautata wa abokai, har da lissafin ka, kuma canjin ya fi bayyana a kan maza.

Wanda ya fi jan hankalinmu tsohon gwaji ne na Michael Trulson a 1986, da samari 34 da aka riga aka sani da rashin ji. Ya raba su uku, malami ɗaya ya koyar da su duka har wata shida. Kashi na farko aka ba su takwando tare da zaman natsuwa, nasiha kan girmama mutane, da sharaɗin ba a amfani da abin da aka koya sai don kariya. Kashi na biyu dabarun faɗa zalla. Kashi na uku wasanni irin su ƙwallo da gudu. Na farko faɗansu da fargabarsu suka ragu. Na uku ba su canja sosai ba. Na biyu kuwa suka fi yadda suka zo muni. Adadin yaran kaɗan ne, amma wani bincike mafi girma a birnin Bergen na Norwe, wanda Inger Endresen da Dan Olweus suka buga a 2005 bayan bin yara maza 477 na shekara biyu, ya nuna waɗanda suka shiga dambe, kokawa da ɗaga ƙarfe sun ƙara shiga rigima a waje, kuma masu binciken sun danganta abin da irin ɗabi'ar nuna ƙarfi da yaran ke tararwa a wuraren. A 2017 kuma aka tattara bincike 12 wuri guda, jimillarsu ta nuna wasannin kare kai suna rage faɗa da tsokana a yara da matasa.

Duka waɗannan sakamako ba su saɓa wa juna ba. Uban da ke tsoro yana da gaskiya, kocin da ke cewa wasan yana gyara yara shi ma yana da gaskiya, kowanne irin ɗakin horon da ya gani yake bayyanawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ta ina aka tanƙwara, wannan yana hannun mai riƙe da iccen.

Game da ƙuncin rai da damuwa, hujjar ta fi ƙarfi a kan motsa jiki gaba ɗaya. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta buga nazarin gwaje-gwaje 218 da suka ƙunshi mutum sama da 14,000, aka ga tafiya, gudu da aikin ƙarfafa tsoka suna rage ciwon damuwa sosai, kuma motsin da ya fi tsanani ya fi tasiri. Wasan kare kai yana ƙara abu biyu a kan haka. Ba a yin sa sai da mutane, saboda haka wanda ya ƙi zuwa kwana uku akwai mai nemansa. Sannan yana da matakai: farar ɗamara, rawaya, koriya, har baƙa. Saurayin da ya rubuta takardar neman aiki sau goma ba amsa, a nan yana ganin wuri ɗaya da ƙoƙarinsa ke haifar da abin da ido zai gani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya fara jin ba shi da amfani.

Irin wannan ji ne ƙwaya ke shiga ta cikinsa. Tun wajen 2017 Gana ke fama da tiramol mai ƙarfin 120 da 225 da 250, alhali 50 da 100 ne aka amince a sayar da takardar likita, yanzu kuma ga wadda samari ke kira red. Masu sha suna cewa tana ba su ƙarfin aiki da mantuwa. Horo yana ba da gajiyar da ke kawo barci na gaskiya, yana cike sa'o'in la'asar zuwa isha da a cikinsu ake lalacewa, kuma jikin mai sha yana tona shi a kan katifa tun kafin iyayensa su gane. Sai dai a fahimta, wanda ƙwaya ta riga ta kama, ko wanda damuwa ta hana shi ci da barci har yana zancen mutuwa, asibiti ne wurinsa na farko. A kai shi ga likita, a Pantang ko asibitin ƙwaƙwalwa na Accra ko sashen da ke asibitin unguwa, horo ya biyo baya a matsayin mataimaki.

Kai da fuska

Ba duk wasannin nan ne ɗaya ba, kuma a nan dole mu faɗi abin da masoya dambe ba za su so ji ba. Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi da ke cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Duk naushin da ya juya kai yana girgiza ta. Tun 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana tsoffin 'yan damben da ke tangaɗi da sarƙewar harshe kamar mashaya. Hular kariya tana hana yankewa da kumburi, ba ta hana girgizar ciki. A 2011 ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka fito fili suka ce ba su goyi bayan yara su yi dambe ba. Mu ma nan mun gani: a watan Maris na 2025 ɗan damben Najeriya Gabriel Oluwasegun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a dandalin dambe na Bukom, ya rasu.

Malamai sun riga sun yi magana a kai. An hana dukan fuska a hadisi ingantacce, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 1987 ta haramta damben da ake yi a gasa saboda an gina shi a kan cutar da juna, ta halatta kokawar da ba cutarwa a cikinta. Likita da malami sun haɗu a wuri ɗaya.

Wannan bai rufe ƙofa ba. Horon ɗan dambe, wato tsallen igiya, dukan buhu, dukan hannun koci mai laushi da gudun asuba, yana daga cikin mafi kyawun horon jiki, kuma ba a taɓa kan kowa a ciki. Kokawa da judo ba naushi a cikinsu gaba ɗaya. A kareti da takwando akwai ɓangaren jera motsi da ake yi ba abokin karawa, har gasa ake yi a kansa, kuma ajin yara na kirki yana hana taɓa kai. Su ma suna da nasu rauni, targaɗe, gocewar kafaɗa, ciwon gwiwa, da makero da ake ɗauka daga katifar da ba a gogewa. Yaron da ya bugu a kai ya ji jiri, ko amai, ko ya manta abin da ya faru, ya gama wasa a ranar, kuma ba ya dawowa sai likita ya yarda. Mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, da duk wanda ya haura 40 ya daɗe bai motsa ba, su fara da ganin likita a auna jini. A azumi kuma a mayar da horo bayan shan ruwa ko a sassauta shi, don zafin Accra ba ya wasa da wanda ya bushe.

Maganar rusunawa da ake yi a gaisuwar Japan da Koriya, malamai da dama sun hana sunkuya wa mutum. Abin da sauƙi: ɗalibi ya gaya wa koci tun ranar farko, ya sa hannu a ƙirji ko a yi musafaha. Ƙasashen Musulmi da yawa suna cin lambobi a waɗannan wasanni.

'Yan mata da dattawa

In an rasa fili, 'ya mace ce ke fara rasawa. Yaro zai buga ƙwallo a kan titi, yarinya daga ta balaga motsinta ya koma wanke-wanke da talla. Alhali ita ce za ta ɗauki ciki, ita ce kuma ƙashinta zai fi saurin laushi bayan daina al'ada. Kayan judo da kareti riga ce mai dogon hannu da wando har idon sawu, kuma a kareti da takwando ana shiga gasa da ɗankwali. Hedaya Malak ta Masar ta ci tagulla a takwando a Rio da Tokyo da kanta a rufe, 'yar ƙasarsu Feryal Abdelaziz ta ci zinare a kareti a 2021, mace ta farko da ta kawo wa Masar zinaren Olamfik. Abin da ake buƙata mace mai koyarwa, ɗaki mai sutura, da lokacin da ba maza. Yarinyar da ta koyi fizge hannunta daga riƙo, ta ɗaga murya, ta gudu, ta samu abin da zai yi mata amfani a lungu mai duhu.

Dattawa kuwa ba a ce su kama kokawa ba. Akwai taici na Sinawa, wanda asalinsa dabarar faɗa ce da aka mayar da ita a hankali kamar mai tafiya cikin ruwa. A wani gwaji a jihar Oregon ta Amurka da aka buga a 2018, da mutum 670 'yan shekara 70 zuwa sama, masu taici sun rage faɗuwa da kashi 58 cikin 100 idan aka kwatanta da masu miƙe gaɓoɓi kawai. Duk gidan da tsohuwa ta taɓa zamewa a bayi ta karya ƙugu ya san nauyin wannan adadi.

Kafin a miƙa yaro

Uba ko uwa su je da kansu su zauna su kalli darasi guda daga farko har ƙarshe, ba ranar biki ba. A duba yadda manyan ɗalibai ke yi da ƙanana: suna sassauta musu suna gyara musu, ko suna gwada ƙarfi a kansu ana dariya? A duba abin da koci ke yi in yaro ya yi kuka ko ya fusata. A tambaye shi kai tsaye, in ɗalibinka ya yi faɗa a unguwa me kake yi masa? Kocin kirki yana da amsa a shirye, kuma yawanci dakatarwa ce. A tambayi takardarsa da ƙungiyar da ta san shi, don Gana tana da hukumomin ƙasa na takwando da judo da kareti, ana iya bincikawa. Wanda ke zagi, ko yake sa yara su bushe jiki don rage nauyi kafin gasa, ko yake keɓewa da yaro ɗaya a rufe ƙofa, ko aka san shi da kai samari aikin 'yan siyasa, a ɗauke yaro daga hannunsa ko da kambu goma ya ci.

Kwamitocin masallatai da makarantun islamiyya suna da abin da koci ke nema bai samu ba: ɗaki da ke rufe daga la'asar, yara da aka san iyayensu, da dattawan da za su leƙo. Kuɗin da ke ciki na katifa ne da ɗan alawus na malami, kuma yara za su iya farawa da wando da riga na gida kafin a kai ga ɗinka fararen kaya. Kwana biyu ko uku a mako ya isa, a tashi kafin kiran magariba, a rubuta sunan duk wanda ya zo da wanda bai zo ba, a ajiye lambar wayar iyaye da akwatin taimakon gaggawa a bakin ƙofa.